Gangunan Bata na Kyuba da Maganar "Kiɗa Magani Ne"

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu yi tsokaci a kan wata magana da ta cika kafafen sada zumunta, wai kiɗan ganga yana warkar da damuwa da ƙuncin rai. Sau da yawa hoton da ake liƙa wa maganar na makaɗan Kyuba ne su uku a zaune, sanye da fararen kaya, kowanne da ganga kwance a cinya. Sunan waɗannan ganguna bata. Mu masu nazarin kaɗe-kaɗe ne, ba mabiya Santeriya, addinin da ake buga su a cikinsa ba, kuma ba tallarsa muka zo yi ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda ake raba gangar da gidanta a riƙe sautin kawai, alhali amfanin da jama'ar can suke samu yana cikin tsarin da ke kewaye da ita: wa ya sassaƙa, wa ya buga, wa aka ciyar, wa aka biya.

Asalin bata ƙasar Yarbawa ne, musamman daular Oyo, inda ake buga ta wa Shango, abin bautar tsawa, da Egungun, dodannin kakanni. Bayan tawayen Afonja, babban kwamandan yaƙin Oyo, a Ilori a 1817 da yaƙe-yaƙen da suka rusa Oyo a shekarun 1830, an kwashi dubban mutane zuwa gonakin rake na Kyuba. A can aka yi musu kuɗin goro da suna Lukumi, har da wasu Nufawa da Hausawa da aka loda a jirgi ɗaya da su. Ba a soke bauta a tsibirin ba sai 1886. Kafin nan hukumar Sifaniya ta ƙyale 'yan Afirka su kafa ƙungiyoyin ƙabila da ake kira kabildo, masu asusun kansu. Daga asusun ake jinyar mara lafiya, a binne mamaci, wani lokaci har a fanshi ɗan'uwa daga hannun ubangidansa. A cikin irin waɗannan ƙungiyoyi na biranen Habana da Matanzas bata ta samu wurin zama.

Ganguna uku ne, kuma ba a buga ɗaya ita kaɗai. Babbar ita ce iya, tsawonta kimanin santimita 65 zuwa 70, babban bakinta wajen 30, ƙaramin wajen 17. Ta tsakiya itotele, tsawo wajen 60, bakuna 23 da 14. Ƙaramar okonkolo, ba ta cika kai 50 ba, bakuna 17 da 12. Kowane masassaƙi da nasa awon, amma ba a nisa da wannan. Babban baki shi ne enu, ƙaramin kuma chacha. Mai kallo zai ce kalangu ne saboda ƙugun da aka matse, sai dai ƙugun bata ba a tsakiya yake ba, ya fi kusa da ƙaramin baki, kuma ba a matsa tsarkiya a hammata don sauya murya. Muryar kowane baki a ɗaure take tun daga ɗauri, hannu ne kawai ke sarrafa ta.

Ana rarake jikin ne daga gungume ɗaya na itacen sida ko mahogani, dangin maɗaci. In an yi gaggawa an sassaƙa ɗanyen itace, to yana bushewa zai tsage, galibi daga wajen ƙugu inda ya fi siranta. Fatar ta bunsuru ce ko ta namijin barewa, ba a sa ta mace. Ana jiƙa ta ta kwana, a naɗe gefenta a jikin zobe, a kifa a bakin ganga, sannan a ɗaure zoben sama da na ƙasa da tsarkiya. A Habana tsarkiyar fatar sa ce da aka yanka siri-siri, a Matanzas kuwa an fi amfani da igiya. Da farko a ja ta a tsaye daga baki zuwa baki, sannan a naɗa wata a kwance tana zagaye jiki, wadda ita ce ke matse ta farkon har fata ta ɗame.

A nan aka fi yin ɓarna. In aka ja gefe ɗaya fiye da ɗaya, zobe zai karkace, murya ta dushe, kuma gefen da ya taso ya riƙa cin hannun makaɗi. In aka ɗame jiƙaƙƙiyar fata iya ƙarfi, tana bushewa sai ta ƙara tsukewa ta yage a bakin itace. Ga kuma laimar tsibiri: da damina fata takan saki cikin 'yan kwanaki, sai a shanya gangar a rana, a bubbuga zoben da guduma ta itace, a bi tsarkiya ɗaya bayan ɗaya ana janye sakin. Aikin awanni ne, na mutum biyu. Gangunan kanti masu ƙusoshin ƙarfe sun sauƙaƙa wannan, da sifana ake ɗaure su, amma su ma sai an bi ƙusa da kishiyarta ana juyawa kaɗan-kaɗan, kuma a sassauta bayan an gama kiɗa. Wanda ya bar chacha a ɗame ya ajiye a ɗaki mai zafi, fashewa zai tarar.

Saura abu biyu. A tsakiyar enu na iya ana liƙa wani baƙin danƙo da ake kira fardela, a yi shi kamar zobe, a sa ɗan kaɗan a na itotele. Nauyinsa ne ke saukar da murya ya kashe ƙarar da ke biyo bayan bugu. In ya yi yawa ganga ta shaƙe, in ya yi kaɗan sautin ya riƙa amsa kuwwa yana rufe na sauran. Sannan ana ɗaura wa iya ɗamara biyu na ƙananan ƙararrawar tagulla, chaworo, ɗaya a kowane baki.

A zaune ake bugawa, ganga a kwance, an saƙala maɗauri ta ƙarƙashin cinya don kada ta zame. Na-dama yana buga enu da dama, chacha da hagu. A enu akwai buɗaɗɗen bugu da dannanne, a chacha kuwa mari ne da yatsu mai kaifin sauti. A Matanzas wasu sukan mari chacha da ɗan guntun fata maimakon hannu, kamar yadda ake yi a ƙasar Yarbawa har gobe. Bakuna shida ke nan: enu uku suna fitar da waƙar, chacha uku suna saƙa lokacin. Okonkolo ce ke riƙe taki, ita ake fara ba almajiri. Iya ita ce jagora, ita ke kira a sauya salo. Itotele ce mai wahalar kunne, domin a salo da yawa chachanta yana faɗowa ne jim kaɗan bayan taki, a tsakanin bugun sauran, kuma a lokaci guda enunta yana jiran kiran iya don ya ba da amsa. Kuskuren da sabon hannu ya fi yi shi ne ya zame ya hau kan takin okonkolo. Da zarar haka ta faru saƙar ta warware, masu rawa su rasa inda za su sa ƙafa. Na biyu shi ne jin kira a makare. Mai iya zai maimaita kiran sau ɗaya, in ba a amsa ba sai harara. Da baki ake koyar da salon kafin a taɓa fata, malami yana rerawa almajiri yana maimaitawa, kuma daga okonkolo zuwa iya tafiyar shekaru ce.

A ƙasar Yarbawa bata magana take yi, tana kwaikwayon kalmomi, kamar yadda Amanda Villepastour ta nuna dalla-dalla a littafinta na 2010. A Kyuba harshen Lukumi ya daina zama na hira, karin sautinsa ya ɓace, saboda haka makaɗa sun riƙe salon da ma'anarsa ta gaba ɗaya, amma kaɗan ne za su warware maka shi kalma-kalma. Duk wanda ya rubuta cewa gangunan Habana suna "magana da Yarbanci" kai tsaye ya zarce gona da iri.

Ga masu addinin, ganguna iri biyu ne. Akwai aberikula, waɗanda ba a tsarkake ba, kowa na iya koyo da su, su ake gani a dandali da makaranta. Akwai kuma na fundamento, waɗanda aka rufe wani sirri a cikinsu, suka yi imani cewa abin bautar ganga mai suna Añá, wanda Yarbawa ke kira Ayan, yana zaune a ciki. Sabon saiti ba ya tsayawa da kansa, sai wani tsohon saiti ya "haife" shi ya ba shi murya, don haka kowanne yana da salsala da ake iya jerowa. Ba a ajiye su a ƙasa, ana rataye su, ana shafa musu manja, kuma a bisa al'ada ba a buga su bayan duhu ya shiga. Namijin da aka rantsar, ko aƙalla aka wanke masa hannu, shi ke taɓa su. Mata ba sa bugawa, ko da yake tun shekarun 1990 ƙungiyar mata ta Obini Batá a Habana take buga aberikula a dandali, kuma gardamar ba ta mutu ba.

Ranar biki ga yadda take tafiya. Kafin a fara, ana shimfiɗa wa makaɗa tebur su ci abinci su ƙoshi, wannan wajibi ne a kan mai gida. Da rana tsaka sai su shiga ɗakin da aka ƙawata su buga oru seko, jerin gaisuwa sama da 20 da ganga zalla, babu waƙa babu rawa, ana farawa da Elegua, abin bautar da suka ce shi ke buɗe hanya, wajen rabin awa. Daga nan a fito falo, zabiya namiji ko mace da ake kira akpwon ya ɗauki waƙa jama'a suna amshi. Waɗanda aka shigar addinin suna zuwa su kai goshi jikin kowace ganga, su jefa kuɗi a ƙoƙo. Sai a shiga sashen da mai waƙa da mai iya suke haɗa ƙarfi a kan mai rawa ɗaya, har abin da suka yi imani da shi ya hau kansa. A kai shi ɗaki a sauya masa tufafi, ya fito yana bin mutane da gargaɗi da shawara. Kusan faɗuwar rana ake rufewa: wani ya ɗauki bokitin ruwa yana juyi da shi zuwa ƙofa, ya watsar a titi, ya dawo ya kife bokitin a gaban ganguna. Awa huɗu zuwa shida ke nan. Ana raba 'ya'yan itatuwa da kayan zaƙi, maƙwabci ma yana samu. Kuɗin aiki, derecho, yana isa ga makaɗa da mai waƙa da masu girki, da kason mai ganguna na fata da gyara.

Yanzu ga masana. Babu mai maganar bata ba tare da Fernando Ortiz ba, masanin Kyuba wanda ya rayu daga 1881 zuwa 1969. Amma a tuna da inda ya faro. Littafinsa na 1906, Los negros brujos, nazarin masu laifi ne a kan tafarkin Lombroso, likitan Italiya da ya ce laifi a halittar mutum yake. Littafin ya ɗauki addinin baƙar fata a matsayin cutar da za a kawar. A wancan zamani 'yan sanda suna kai samame gidaje suna ƙwace ganguna, wasunsu suka ƙare a gidajen tarihi. Daga baya ya sauya ra'ayi ƙwarai. A tsakiyar shekarun 1930 ya fito da Pablo Roche da abokan kiɗansa gaban jama'a a lacca, karo na farko da aka ji bata a irin wannan zaure, sannan tsakanin 1952 da 1955 ya fitar da juzu'i 5 a kan kayan kiɗan baƙar fatar Kyuba. Daga gare shi aka samu labarin Añabí da Atandá, 'yan Afirka biyu da aka ce su suka haɗa saitin fundamento na farko wajajen 1830, shekarar da masana na baya suka yi ta jayayya a kanta domin daga bakin dattawa aka ji ta. A ganinmu darajar aikin Ortiz ta makaɗan da suka zauna da shi ce, irin su Trinidad Torregrosa da Raúl Díaz, amma sunan mutum ɗaya ne a bangon littafi.

Rubutun kiɗan da masanin kiɗa Gaspar Agüero ya yi wa Ortiz ya yi tafiyar da ba a zata ba. A New York, a shekarun 1950 da 1960, masu son koyo ba su da malamai sai ƙalilan irin su Julio Collazo, don haka suka duƙufa a kan waɗannan shafuka da 'yan faya-fayai. Takarda kuwa tana nuna bugu, ba ta nuna lokacin da ya dace a yi kira, ko yadda mai iya ke karanta ƙafar mai rawa, kuma in marubuci ya sa farkon zagaye a inda ba nan ba ne, duk wanda ya koya daga shafin zai ji salon a juye. Sai da makaɗi Orlando Ríos, wanda ake kira Puntilla, ya iso Amurka daga Kyuba a 1980 aka gyara abubuwa da dama da kunne. Naɗe-naɗen da Lydia Cabrera da Josefina Tarafa suka yi wajajen 1957 sun fi amfanar masu koyo, tun da sauti ne ba alama ba, kuma kamfanin faya-fayai na Amurka Smithsonian Folkways ya sake fitar da wani ɓangarensu a farkon shekarun 2000.

Bayan juyin juya halin Kyuba na 1959, gwamnati ta kafa ƙungiyar raye-rayen gargajiya ta ƙasa a 1962, makaɗa irin su Jesús Pérez suka samu albashi da martaba, alhali ibadar kanta ana kallonta a matsayin ci-baya. Ba a buɗe wa masu addini ƙofar jam'iyyar Kwaminis mai mulki ba sai 1991, aka gyara tsarin mulki a 1992. Wannan ya zo daidai da matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, sai baƙi masu dala suka cika gari suna neman darasi da biki. Makaɗa sun samu abin sawa a baka, gaskiya ne. Amma farashi ya tashi, har talakan unguwa ya koma cin bashi kafin ya yi bikin da kakarsa ta yi da taimakon maƙwabta. Mai auna walwalar jama'a da bai sa wannan a ma'auni ba bai gama aiki ba.

To ina hujjar cewa kiɗa magani ne? Wani bincike da ake yawan ambata an yi shi ne a Landan, aka wallafa a 2016: masu zuwa asibitin ƙwaƙwalwa sun yi mako 10 suna buga jembe, wata gangar Afirka ta Yamma, a rukuni, aka ga raguwar damuwa da fargaba idan an kwatanta da waɗanda ba su yi ba. Mutanen ba su kai 50 ba, gangar ba bata ba ce, kuma babu ibada a ciki. Sakamako ne mai kyau a inda aka yi shi, amma ba ya cewa komai a kan bikin Matanzas, kuma ba dalili ba ne na ajiye maganin likita. Abin da ake iya gani da ido a gidajen Kyuba shi ne tsoho da ke zaune shi kaɗai ya samu inda ake tambayar lafiyarsa, saurayi ya samu sana'a da maigida mai tsawata masa, rigimar dangi ta samu bakin da zai faɗe ta a bainar jama'a.

Kuma kiɗan yana da nasa illolin da masu talla ba sa faɗa. Likitoci a Yurugwai sun wallafa bincike a 2008 a kan makaɗan kandombe, kiɗan gangar baƙar fatar ƙasar, inda suka ga wasu suna fitsari mai launin tsatsa bayan awanni suna bugu da hannu. Dalili shi ne jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa a tafin hannu, abin da suka zubar ya bi ta ƙoda. Yawanci yana wucewa, amma rashin ruwa a jiki da barasa da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna ƙara wa ƙoda nauyi. Maganin abin shi ne a zo da makaɗa huɗu zuwa shida ana karɓa-karɓa, a sha ruwa a kowane hutu, kuma in launin ya wuce kwana ɗaya ko fitsari ya ragu, a tafi asibiti. Sai kunne. Ƙa'idar da masu lafiyar ma'aikata ke bi ita ce desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 85 na awa 8, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 100 kuwa minti 15 kacal. Ganguna uku da ƙararrawa da amshin mutum hamsin a falon siminti ba wasa ba ne. Manhajar waya tana ba da kimanin awo, a buɗe tagogi, kuma akwai abin toshe kunne na mawaƙa da ke rage ƙara ba tare da ɓata sauti ba.

Na uku ya shafe mu kai tsaye, wato fata. A 2006 wani mai haɗa ganguna a New York ya kamu da cutar antiraks, wadda makiyaya ke kira saifa, bayan ya kankare busassun fatun awaki da aka kawo daga Kodebuwa, kuma a 2008 wani a Landan ya rasu ta irin wannan hanya. Ƙwayar cutar tana daɗewa shekaru a busasshiyar fata, kankarewa kuma yana tayar da ita cikin ƙura a shaƙa. Tun da an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a Yulin 2023, masu ɗaurin ganga da majemanmu su ma su kiyaye: kada a karɓi fatar mushe, a kankare gashi fata tana jiƙe kuma a fili, a sa safar hannu da takunkumi, a share wurin da ruwa ba da tsintsiya ba.

Ga ɗalibanmu da ke sha'awar wannan fage, aikin yana da ladubba. A nemi izinin mai gida da na mai ganguna daban-daban, a tambayi abin da ba a ɗauka, domin gidaje da yawa ba sa yarda a ɗauki hoton wanda aka hau ko cikin ɗakin sirri. A biya derecho kamar kowa. A rubuta sunan kowane makaɗi da malaminsa, da ko salon Habana ne ko na Matanzas, da ko gangunan fundamento ne ko aberikula, in ba haka ba naɗin ba shi da amfani ga mai kwatantawa. A sa makirfo ɗaya a kowace ganga, ɗaya ga mai waƙa, ɗaya ga ɗaki, kyamara kuma ta kama hannu biyu na mai iya tare da ƙafar mai rawa. In walwala ake son aunawa, takardar tambayoyi a ranar biki ba ta isa ba, kowa yana cikin nishaɗi a ranar. A koma bayan wata uku a ga wa ya biya bashinsa, wa ya je asibitin da aka ce ya je, su wa suka shirya. Sannan kafin a hau jirgi a bar wa gidan kwafin duk abin da aka naɗa, a kan abin da za su iya kunnawa ba tare da intanet ba.

Mun gode da filin da aka ba mu. Wassalam.

Naku,
Wasu masu nazarin kaɗe-kaɗen Afirka da Karebiyan